Kafaɗar Inna da Tukunyar Tagulla

Shekara goma sha bakwai mahaifina, Lubbert Veenhof, ya yi yana nutsar da Fir'auna a cikin teku, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai gama nutsar da shi ba. Zanen fenti ne a kan yadin da ya cinye bangon shagonmu daga ƙofa har taga: dawaki saba'in, kekunan yaƙi, igiyar ruwa mai tsayin bene, ga shi Fir'aunan a tsakiya ya ɗaga hannu sama. Baba ya sa a ransa cewa a zauren majalisar garinmu Haarlem za a rataye shi, ko da yake babu wanda ya taɓa ce masa majalisa tana neman Fir'auna. Masu zanen ɗakin girki da kifi da mata masu yi wa yara tsifa kuwa, ba ya lissafa su cikin masu sana'a. Yakan ce wanda Allah ya ba hannu ya ƙare a zanen kabeji, gara ya tafi kasuwa ya sayar da kabejin, ko ba komai wani zai ƙoshi.

Ni ce 'yarsa, Aleida. Lokacin da abin nan ya faru na riga na yi aure, amma gidana yana bayan nasu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka babu abin da ya wuce ni.

Wata Asabar da hantsi Inna, wato mahaifiyata Hilleke, ta ɗora faten wake a tukunyar tagullar da ta gada wurin uwarta. Ta ce wa Baba ya riƙa leƙawa yana juyawa kafin ta dawo daga kasuwar kifi. Ya ce to. Tana fita ya tuna cewa ƙafar doki na goma sha tara ba ta lanƙwasa daidai ba. Ƙaurin da ya tashi, ni da nake wani gida na riga shi ji.

Da Inna ta dawo ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya san ta ya san faɗanta lafiya ne, shirunta ne abin tsoro. Ta ɗauki tukunyar ta fita tsakar gida, ta durƙusa, ta ba ƙofa baya, ta shiga kankare ƙanzo da yashi da toka kamar tukunyar ce ta yi mata laifin. Baba ya fito ya zauna a dakali yana neman ta inda zai fara ba da haƙuri, bai ga ƙofa ba. Akwai sabon alƙalamin kara da ya fiƙe da safe bai gwada ba, ga wani guntun takarda da aka riga aka zana kofaton doki a bayansa. Don dai hannunsa ya sami abin yi, sai ya zana abin da ke gabansa. Ko lofen taba ɗaya ba za a gama sha ba ya gama. Layi ne bai fi goma sha biyar ba: bayanta, hularta, hannunta a cikin tukunya, da kafaɗar damanta da ta ɗago har ta kusa taɓa kunne, yadda take yi in ranta ya ɓaci. Tawada ta ɗiga kusa da ƙafarta ta hagu, ya sa babban yatsa ya goge, abin ya ƙara damewa. Ya yi tsaki, ya wurga takardar ƙarƙashin dakali, ya ce alƙalamin dai yana ci. Sai ranar Laraba Inna ta sake yi masa magana.

Wanda ya tsinci takardar shi ne Joost Karreman, babban ma'aikacin shagon. Mutum ne mai kusan shekara arba'in, marar magana, wanda ya yi shekara tara a hannun Baba ba a ba shi komai ya zana sai kumfar ruwa da wutsiyoyin dawaki. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Maigida, wannan fa?”

“Gwajin alƙalami ne,” in ji Baba. “Kunna lofenka da shi.”

Joost ya sa ta a cikin hularsa. Da bazara ya yi sallama ya tafi Amsterdam neman na kansa. Baba ya ce Allah ya raka taki gona, dama wutsiyoyinsa sun cika kauri.

Bayan shekara ɗaya da rabi na je sayen zare kusa da babban coci, sai na yi kiciɓis da bayan uwata a rumfar mai sayar da littattafai, an rataye shi da igiya, har guda shida. Ashe Joost ya sassaƙa zanen a farantin tagulla, ana ta bugawa ana sayarwa. Bai ci amana ba, ya sa sunan Baba a ƙasa. Amma mai ɗab'in ya raɗa wa hoton suna, wai Mace Ta Gari, ya kuma ƙara 'yan layuka da ke cewa macen da ta yi shiru a kan aikinta ita ce ginshiƙin gida. A gefen ƙafar Inna ta hagu kuwa ga baƙar mage a zaune. Daga baya Joost ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce mako guda ya yi yana duban baƙin tabon nan, kuma tun da ba zai yiwu hannun Maigida ya ajiye abu a banza ba, sai ya yanke cewa mage ce. Inna kuwa in akwai dabbar da ta tsana a duniya, mage ce. Kullum akwai bokitin ruwa a bakin ƙofarta saboda su.

Kafin sanyi ya shigo hoton ya shiga ko'ina. Mazan unguwarmu suka saya suka liƙa a ɗakunan girkin matansu, daidai inda ido zai riƙa sauka. Wata Lahadi fasto ya ɗaga shi a gaban jama'a, ya yi wa'azin da ya fi awa ɗaya a kan haƙuri da biyayya, ya ce a dubi wannan baiwar Allah da ba ta ko waiwayo don a yaba mata. Inna tana zaune a layi na huɗu tana duban silin. Da aka fito, Machteld matar mai gasa burodi ta tare ta a bakin ƙofa.

“Hilleke, ke kika ja mana. Yanzu in na buɗe baki sai mutumin nan ya nuna mini bango da haɓa.”

“Ki turo mini shi,” in ji Inna. “In na faɗa masa abin da nake faɗa a raina a ranar, da hannunsa zai sauke takardar nan, ya kuma wanke bangon.”

Da farko Baba ya yi fushi. Ya zauna zai rubuta wa Joost wasiƙa ya kira shi ɓarawo mai tona asirin gida, amma bai kai ga rufe ta ba sai ga masu zane uku daga Leiden sun yi sallama, huluna a hannu. Baba ya ɗauka labarin Fir'auna ne ya kai can. Ya yaye labulen da ke rufe yadin, suka tsaya suka ce madalla, irin madallar da ake yi wa jaririn maƙwabta. Sannan babbansu ya yi gyaran murya ya ce su dai kafaɗar nan ce ta kawo su. Suna son su ji yadda Malam ya gano ta.

Yabo abu ne mai shiga jiki, ko da ba a inda mutum ya shimfiɗa masa tabarma ya zauna ba. Baƙin farko Baba ya ce musu abu ne da ya zo masa haka kawai. Na uku ya ce musu kwana arba'in ya yi yana juya shi a ransa. Kafin ƙarshen sanyi har ya gano ma'anar magen: wai lalaci ce da ke laɓe kusa da kowace mace tana jiran ta saki aiki. Inna tana gefen murhu tana saƙa safa, duk tana ji. Allurar kawai takan ƙara sauri.

Ana nan sai ga wani attajirin Amsterdam mai fataucin katako, Dankert, wanda ya sayi ainihin guntun takardar daga hannun Joost. Ya zo da kansa cikin keken doki, ya ce yana son guda shida irinta, ko nawa ne. Baba ya karɓi aikin yana cewa ai na kwana biyu ne. Washegari ya fitar da Inna tsakar gida, ya ba ta tukunya da yashi, ya zauna a dakalin nan da alƙalamin nan. Ya zana, ya yaga. Ya sake, ya yaga. Mako biyu ana haka, takarda ta cika kwando. Duk wanda ya yi sai ya fito da wata mata mai ƙiba tana wanke tukunya, shi ke nan, babu abin da zai sa mutum ya duba sau biyu.

“Ɗaga kafaɗar mana, Hilleke.”

“Ga ta na ɗaga.”

“Ba haka take ba a ranar.”

“To ai a ranar fushi nake yi, Malam. Yau kuwa rana na sha, kana ta kallona kamar sabuwar amarya, me zai ɓata mini rai?”

Baba ya juya maganar a ransa. Daga ranar ya shiga neman hanyar ɓata mata rai, da irin naciyar da yake yi wa ƙafar doki. Ya shigo da takalmin katakonsa duk taɓo a kan daɓen da ta gama wankewa, ta ce sannu da zuwa, Maigida, ta sake wankewa. Ya ce kifinta ya yi gishiri, ta ce gaskiyarsa. Ya yaba girkin Machteld a gabanta, ta ce ai kuwa Machteld gwana ce. Da abin ya ishe shi ya samo wata baƙar mage ya saki a ɗakin girki. Inna ta dube ta, ta dube shi, ta ɗauko ƙwarya ta zuba mata madara. Da yamma ta leƙo ta kan katanga tana share hawayen dariya, ta ce mini tun da aka kawo ta gidan nan shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa jin daɗin aure kamar wata biyun nan ba. A wata biyun nan dai Haarlem ta sami mace ta garin da fasto ya yi wa'azi a kai, amma Dankert bai sami zane ko ɗaya ba.

Abin da ya kasa yi da gangan sai ya yi shi cikin rashin sani. Inna ta tafi Alkmaar duba ƙanwarta da ba ta da lafiya, Dankert ya zo tambayar aikinsa. Baba yana ta kame-kame, sai idon attajirin ya sauka kan tukunyar a rataye a bango. Ya tambaya ko ita ce. Baba ya ce ita ce. Kafin a sha giya kofi biyu an nannaɗe tukunya cikin bargo an sa a keken doki. Baba ya je ya sayo sabuwa ta ƙarfe, wadda ta fi waccan girma, ya rataye a gurbinta, yana ganin ya yi abin a yaba.

Ina gidan lokacin da Inna ta dawo. Ta ajiye kwandonta, ta dubi bango, ta tambayi ina tukunyar uwarta. Baba ya fara bayani. Yana cikin bayanin na ga kafaɗarta tana tashi a hankali, na kuma ga shi ma ya gani, don idonsa ya yi haske, hannunsa ya fara lalubar alƙalami a kan tebur. Sai dai wannan karon ba ta juya masa baya ba.

“Ajiye shi, Lubbert.”

Ban taɓa jin ta kira sunansa gatsal ba sai ranar. Ya ajiye.

“Ka sayar da bayana, ban yi magana ba, tun da ni ma ban taɓa ganinsa ba. Tukunyar nan kuwa a cikinta aka dafa abincin aurena, a cikinta aka dafa ruwan wankan yarinyar nan. Gobe ka bi jirgin farko zuwa Amsterdam. In ba ta dawo ba, kai ma ka nemi wanda zai rataye ka a bangonsa a can.”

Ta ce in bi shi, don kada ya dawo mata da labari a maimakon tukunya.

Muka shiga jirgin ruwan da doki ke ja daga gaɓa, kafin rana ta yi tsaka muna Amsterdam. A gidan Dankert aka ce maigidan yana wurin awon katako, aka kai mu wani dogon ɗaki mu jira. A tsakiyar ɗakin ga tukunyarmu a kan matashin karan-miski, an goge ta har mutum yana ganin fuskarsa. A bango kuwa zanuka ne na fenti, na ƙirga goma sha huɗu, na masu zane daban-daban, kowanne mace ce ta juya baya a gaban tukunya. Wasu matan attajirai ne da suka biya aka zana su haka, sanye da siliki, suna kankare tukwanen da ba su taɓa ganin wuta ba. Kowacce ta ɗaga kafaɗar dama kamar ciwo ɗaya ke damunsu. Kowacce da magenta. Wani mai zane da ya so ya fi kowa ya sa biyu.

A ƙarshen ɗakin wani mai zane, mai gashin jimina a hula, yana zaune gaban guntun takardar Baba, wadda aka sa wa firam na baƙin katako, yana kwafa. Baba ya tsaya a bayansa ya leƙa. Ya yi ƙoƙarin yin shiru, ya kasa. Ya ce masa kafaɗar tasa ta yi laushi, ai matar fushi take yi.

Mutumin ya waiwayo, ya dubi tsohuwar rigar Baba da tabon fenti a hannunta. Cikin ladabi ya ce, “Dattijo, ka yi haƙuri, wannan ba abin da kowa zai gane ba ne. Babu fushi a nan. Nauyin amanar gida ne ta ɗauka a kafaɗa, da yardar ranta. Marigayi Veenhof ya san zuciyar mace fiye da kowa a ƙasar nan.”

“Ya rasu ne?” in ji Baba.

“Ai irinsu ba sa daɗewa. Kai wace sana'a kake yi?”

“Dawaki nake zanawa.”

“Shi ya sa,” in ji mutumin, ya koma kan aikinsa.

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya taka mini ƙafa.

Da Dankert ya shigo ya karɓe mu hannu bibbiyu, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta sauya. Ya ce kuɗinsa ba ya son su dawo, tukunya yake so. Baba ya yi tayin da ban taɓa zaton zai fito daga bakinsa ba: ya ce a ba shi tukunya, ranar da ya gama Fir'auna ya kawo shi gidan nan kyauta. Dankert ya yi godiya ƙwarai, ya ce abin baƙin ciki ba shi da bangon da zai ɗauka, kuma matarsa tana tsoron ruwa. Sai ya ce akwai dai abu ɗaya da ke damunsa: takardar ba ta da sa hannu. In Malam zai sa mata suna, ya ɗauki tukunyarsa. Mai gashin jimina yana jin haka ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja, ya rasa inda zai ajiye hularsa.

Aka cire takardar daga firam aka ajiye gaban Baba. Ina jin ranar ce ya fara dubanta da gaske. Ya daɗe a tsaye da alƙalami a hannu har tawadar ta bushe, aka sake tsoma masa. Sannan ya sa sunansa a can ƙasa, da ƙananan haruffa, nesa da tabon.

A jirgin dawowa ya rungume tukunyar a cinya, har muka fara hango hasumiyar cocinmu. Ya ce, da muryar mai sanar da rasuwa, “Aleida, zanen nan yana da kyau.” Na ce kowa ma haka yake faɗa. Ya ce, “Kuma ban san yadda aka yi ba.”

Inna ta karɓi tukunyarta, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta ce sun cinye mata tagulla da guga. Ta ɗora ruwa. Baba ya koma wa dawakinsa, bai sake zana ta ba, kuma in baƙi sun zo tambayar kafaɗa sai ya ce a ce musu ba ya nan. Ya yi shekara uku bayan haka. Da ya rasu, wani mai dafa giya ya sayi yadin ya yanka shi huɗu yana rufe ganguna, ya ce fentin yana da kauri, ruwan sama ba ya ratsa shi.

Bayan wata biyu da rasuwar Baba, Joost ya zo ta'aziyya. Ya yi ƙiba, ya yi gida a bakin ruwa, yana da ɗalibai goma da ba su iya zana komai ba sai bayan mace. Ya zauna a bakin kujera yana murza hula kamar da can, ya ce wa Inna akwai abin da ya daɗe yana ransa. Duk ƙasar nan an san bayanta, babu wanda ya san fuskarta. In ta yarda yana so ya zana ta. Ta ce ba ta ga amfanin abin ba, amma tun da ya yi tafiya, ya zana. Safiya uku ta zauna masa a gefen taga tana kallonsa ido cikin ido. Joost bai ƙara komai ba, bai rage ba, har gashin nan biyu na haɓarta ya sa.

Ya tafi da shi Amsterdam yana murna, ya dawo da shi bayan mako shida yana sunkuyar da kai. Babu wanda ya saya, babu ma wanda ya yarda ita ce. Inna ta matsa masa sai ya faɗi abin da Dankert ya ce. Ya yi ta noƙewa, daga ƙarshe ya faɗa: wai wannan fuskar 'yar kasuwar kifi ce mai neman faɗa, mace mai irin wannan ido ba za ta yi kwana ɗaya tana yi wa miji shiru ba.

Inna ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce ashe mutumin nan ba katako kaɗai ya sani ba. Ta dubi zanen da kyau, ta ce ya rage mata hanci, amma in ban da haka ya yi ƙoƙari. Ta yanka masa burodi da cuku da kifin gishiri, ta tsaya a kansa sai da ya cinye, sannan ta sa shi ya hau kujera ya buga ƙusa ya rataye zanen da kansa.

Ta kai shekara tamanin da ɗaya. Zanen yana gidana yanzu, a kan hanyar hawa bene. Jikokina ba su san ta ba, amma in sun zo wucewa ta wurin sukan rage murya, ƙaramarsu kuwa sai ta ɓoye abin da ta ɗauko a bayanta.